Ambroise, Mai Hoton Mazan Jiya

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, Dogon Dutsi gari ne da ya san darajar tsohon soja. Mahauci in ya ga mai kaki ya tsaya a gabansa, sai ya ture ƙashi gefe ya jawo tsoka. Direban babbar mota mai zuwa Yamai yakan sauko da ɗan kasuwa daga gidan gaba don tsohon soja ya miƙe ƙafa. Ko rigimar iyakar gona ake yi, muddin ɗaya ya buɗe riga ya nuna tabo, an ci rabin shari'a. Mazan jiya ake ce musu, su kuwa sun karɓi sunan hannu bibbiyu, har da waɗanda jiyan tasu ba ta wuce feraye dankali a barikin Marsai, can Faransa, ba.

Clémentine, mai ɗinki a bayan majami'ar Katolika, ɗaya daga cikinsu ta aura. Haka dai ta ɗauka, haka ma mijin ya ɗauka.

Sunansa na yanka Mani, haifaffen Guéchémé. Da Nasara suka ce kowane gida ya ba da yaro a kai lakwal, wato makarantar boko, ubansa ya dubi 'ya'yansa, ya zaɓi wanda ya fi kowa rama, wanda rashinsa ba zai rage damin hatsi ko ɗaya ba. Can ya koyi Faransanci, daga baya ya bi addinin masu majami'a, aka sa masa Ambroise, sunan da uwarsa ta koma ga Allah ba ta iya faɗa ba. Da aka zo ɗaukar soja aka haɗa da shi. Ya yi fareti, ya sha rana, ya sha zagi kamar kowa, har ranar da wani hafsa ya ga yana karanta wa abokansa takardar da aka manna a ƙofar bariki. Nan take ya fitar da shi daga layi, ya karɓe bindigar, ya rataya masa akwatin ɗaukar hoto a wuya, ya ba shi fensir. Rundunar tana da jarida da take bugawa don baƙaƙen sojojinta, ana neman wanda zai ji bakinsu ya kuma rubuta da bakin Nasara.

Haka ya yi yaƙin Indoshin, haka ya yi na Aljeriya. Aikin kuwa yana da wani hali da babu wanda ya gaya masa tun farko. Ɗan jarida ba shi da rukunin sojan da zai ce nasa ne. Yau yana tare da waɗannan a cikin fadamar shinkafa, ruwa iya ƙugu, gobe mota ta kwashe shi ta kai wa wasu a kan dutse. Kowa kwana ɗaya ko biyu yake ganinsa, ya sauko daga motar hafsa, ya ce a yi murmushi, ya tambayi suna da gari, ya wuce. Bai taɓa daɗewa da wasu ba har ya zama sun ci tukunya ɗaya wata da watanni. Ranar da ɓarɓashin bam ya shige masa kwatangwalo, baƙi ne suka ɗauke shi, mutanen wata ƙasa da bai sake gani ba. Ƙarfen yana nan a jikinsa har ya dawo gida, Clémentine kan ji shi da yatsa idan tana shafa masa man kaɗe da damina.

Jaridar ba ta son gawa, ba ta son yunwa, ba ta son soja mai kewar gida. Jarumai take so, kowane bugu da nasa. In babu, sai a ƙera. A farkon aurensu yakan ba ta labarin yadda ake yi, suna dariya har ta riƙe ciki. Wanda ya fi ba ta dariya shi ne na Maikano, wani ƙaton Ba'are, ɗan ƙasar Arewa irinsa, da ya tarar a duwatsun Aljeriya yana jan alfadarai masu ɗaukar ruwa da gari. Ambroise ya ga faɗin ƙirji, ya ga tsagen fuska daga baki har kunne, ya ce ga jarumin wannan mako. Ya aro bindiga mai jigida, ya ɗora masa, ya gyara masa haɓa, ya ɗauka. A ƙarƙashi ya rubuta cewa wannan ɗan Arewa shi kaɗai ya tare mashigar dutse har taimako ya iso. Maikano ya mayar da bindiga, ya koma wa alfadaransa. Ba a jima ba aka ƙara masa girma.

Da Faransa ta naɗe tabarmarta aka sallami Ambroise, ya dawo da akwatin hotonsa da wata jakar ƙarfe cike da hotuna. Duk inda ya ci karo da ɗan Arewa a bakin daga, yakan wanke hoto biyu, ɗaya na jarida, ɗaya ya ɓoye. Ya zauna Dogon Dutsi, ya buɗe rumfa kusa da kasuwa yana ɗaukar amare da masu neman katin shaida. Mai Hoto gari ya sa masa, sunan ya bi shi.

Mazan jiya suka rungume shi, gaskiya ba a hana su wannan. Shi yake karanta musu takardu, shi yake tuna musu sunayen garuruwan da suka yi yaƙi suka manta. Shi ne ma ya kawo al'adar da suka fi alfahari da ita. Idan tsohon soja ya rasu, bayan masu addini sun gama nasu, ko liman ne ko masu tsafi, sai 'yan'uwansa su jeru cikin kaki da lambobinsu, Buba mai ƙahon soja ya busa, sannan Ambroise ya fito ya ba da labarin mamacin. Kuma ya iya. Mutumin da iyalinsa suka sani da tari da masifa, sai su ji ashe ya haye kogi da dare da abokinsa a kafaɗa. Mata su fashe da sabon kuka, 'ya'ya su ɗaga kai. Ya je Lugu a kan keke don wannan, ya je Ɗan Kassari, ya koma Guéchémé, kwatangwalo na ciwo bai taɓa cewa ya gaji ba. Clémentine ta sha yi masa tsiya, ta ce wata rana sai ya ba mamaci labarin da zai tashi ya ce ba shi ba ne. Yakan ce ai shi ya sa yake jira sai an rufe rami.

Inda akwai tsoka a maimakon ƙashi, ba a rasa masu shigar burtu. Wani tsohon kukun Kumandan, Nasaran da ya mulki garin a da, ya sayi kaki a kasuwar Ƙwanni ya fara zama a bencin mazan jiya. Wani ya zo da takarda mai hatimi, aka duba aka ga ta ƙanen ubansa ce. Mazan jiya suka fusata, suka ce ba su ƙara yarda da takarda, tunda ba su iya karanta ta kuma ana sayen ta. A daidai lokacin aka ba su ɗaki mai rufin kwano ya zama gidansu, suka naɗa Maikano shugaba, don wa ya kai wanda ya tare mashigar dutse? Ambroise da kansa ya kawo maganin masu kutse. Ya buɗe jakarsa, ya jera hotunan a bango, kowa da kakinsa da bindigarsa. Wanda ya ɓoye nasa a gida shi ma ya kawo. Ya ce daga yau wanda yake a bangon nan namu ne, wanda ba ya nan ya nemi gidansu. Aka yi tafi, aka yanka rago. Ya dawo gida yana jin daɗin wayonsa, bai lura da abin da kowace mace a unguwar za ta iya gaya masa ba, cewa mai riƙe da madubi ba ya ganin fuskarsa.

Babu wanda ya kore shi, kar a yi wa mutane ƙarya. Abin a hankali ya shigo. Ranar bikin 'yanci, idan suka jeru a gaban manya, shi yana waje da layi, ya durƙusa, ya tashi, yana neman haske. Kaki yana hana shi sakewa, sai ya koma sa 'yar shara. Yaran da suka taso a shekarun nan ba su taɓa ganinsa a cikin layin ba. In an zauna hirar yaƙi, kowa yana da wanda zai ce wa, ka tuna ranar kaza? Shi babu. Har Maikano ya fara cewa idan an yi baƙi, wannan shi ne Mai Hotonmu, kamar yadda mutum zai ce wannan shi ne wanzaminmu. Clémentine ta ji, abin ya tsaya mata a rai. Ta gaya wa mijin, ya ce ta cika neman magana.

Damina ta bakwai da dawowarsa ƙarfen nan ya motsa. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, maganin asibiti da na gida duk aka yi. Mutumin da ya binne abokai da yawa ya san kamannin hanya. Wata rana da hantsi tana ba shi kunu, ya riƙe mata hannu, ya ce abu ɗaya yake so, kuma kunya ta hana shi tambaya da bakinsa. Ba ya neman a ba da labarinsa, ya san babu mai iyawa. Ƙahon kawai yake so, Buba ya busa masa kamar yadda aka busa wa kowa.

Ta ɗaura zane ta tafi gidan mazan jiya. Ta tarar da Maikano a ƙofa yana shan iska, ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya tambayi mai jiki har sau uku. Ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya sunkuyar da kai, kana ganinsa ka san abin ya dame shi.

Ya ce, "Madan, wa ka ƙin Mai Hoto cikin garinga? Ko ɗiyan cikina ba su hi shi gare ni ba. Amma shigo ki duba bango. Ke da kanki, gwada mini shi."

Ta ce, "Sarjan, shi yaɗ ɗauke ku, dukanku."

"Shi na. Shi kuma yac ce wanda ba shi bango ba namu na ba. Ba ni na aza doka ba. In munka karya ta yau, gobe kukun Kumandan na nan tahe da kakinai."

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallon fuskokin. Ta san kowane hoto, ta san wanda aka ɗauka wuta na tashi da wanda aka ɗauka bayan an ci an ƙoshi. Maikano ya ga idonta ya kawo ruwa, ya rage murya kamar mai ba da sirri, ya ce akwai dabara. Wato ta sa wa mijinta kakinsa, Buba ya kawo bindigarsa ta farauta, mai jikin ya daidaita akwatin, ita ta danna. Su kuma su rataya, su rufe ido, babu mai tambayar yaushe aka ɗauka. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ita ma da zuciya ɗaya ta yi godiya. Ta koma gida da sauri har tana tuntuɓe.

Ambroise ya saurara har ta gama. Sai ya fara dariya, dariyar ta juye tari, sai da ta tallafe shi.

Ya ce, "Bindigar halbin zabi? Na yi ma maza da yawa wanga aiki, na san inda a ka aza hannu, na san inda a ka sa haɓa. Ba ni yi ma kaina. Ban riƙa bindiga ba can inda a ka mutuwa, ba ni riƙa ta nan bisa tabarma."

Ta ce masa girman kai rawanin tsiya ne, ta ce ya yi wa kowa ƙarya kyauta, yanzu da ta zo kansa ne zai zama waliyyi? Ta faɗi maganganu da ba a gaya wa mai ciwo, don ta ji haushinsa har cikin ƙashinta. Ya bar ta ta huce, sannan ya ce ta koma ta gaya musu su dubi hotunan da kyau, musamman na cikin ruwa da na kan dutse.

"Dut wanda anka ga huskatai shina huskantar wuta, to akwai wani tsaye gabanai ya ba wuta baya. In ba su gane wanga ba, su bar ƙahonsu."

Ta kai saƙon. Ba su yi wasa da shi ba, sun kira taro, har na ƙauye sun zo. Suka shiga ɗakin, suka dubi hotunan da kyau kamar yadda ya ce, kowa ya ga kansa. Wannan ya ce kai, ashe haka nake da wuya a lokacin. Wancan ya fara ba da labarin ranar, labarin da Ambroise ya rubuta masa, kalma ba ta canza ba. Buba kaɗai ya ce shi dai a ganinsa a busa, mutum ya yi musu wahala. Aka tambaye shi ko ya taɓa ganin Mai Hoto da bindiga, ya ce a'a. Aka tambayi ɗakin ko akwai wanda suka kwana rami ɗaya da shi, babu. Wani tsoho ya ce shi ya gan shi a Indoshin kam, a motar hafsa, kakinsa da guga. Magana ta mutu a nan.

Maikano ya fito ya same ta a gindin itacen bedi inda take jira. Ya ce sun duba, maganar ta masu lakwal ce, ta fi ƙarfinsu, amma tayin hoto yana nan ko yau ko gobe. Yana magana yana murza kafaɗarsa ta dama, ya ce tun ranar mashigar dutse bindigar nan ta bar masa ciwo, in hadari ya taso sai ta motsa.

Alfadari ya zo mata har kan harshe. Kalma ɗaya ce, ga mutane a tsaye, da ta faɗe ta da shugaba ya zama abin dariya kafin la'asar. Ta dube shi, sai ta ga abin da ya fi ƙarya muni, mutumin nan ba ƙarya yake yi ba. Ya manta da alfadaran sarai. Shekara da shekaru yana kallon hotonsa har kafaɗarsa ta yarda. In kuma ta ce wannan hoton shiri ne, gobe za a tambayi na kusa da shi, jibi a tambayi labarin da aka bayar a bakin kabarin Lugu da na Ɗan Kassari, marayun da suka ɗaga kai su sauke. Duk abin da mijinta ya gina a duniya bangon nan ne da labaran nan, ita ce kuma za ta kira shi maƙaryaci yana kwance. Ta haɗiye, ya wuce mata kamar garwashi. Ta ce Allah ya sawwaƙe ciwon kafaɗa, ta tafi.

A gida bai tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya dubi yadda ta ajiye mayafi ya gane. Mazan jiya kuwa ba su daina zuwa ba, wannan ya kawo kaza, wancan ya kawo damin itace, matan su suka karɓe mata daka da ɗiban ruwa. Da sun yi mugunta da ta sami wanda za ta zaga ta ji sanyi. Alherinsu ya fi komai ci mata rai, ga shi dole ta yi godiya kullum.

Ya cika ana cikin yankan hatsi, da rana tsaka. Kafin a kira kowa ta buɗe jaka ta fito da kakin. Ya yi masa yawa ƙwarai, ta zauna a kan keken ɗinkinta ta rage shi. Da aka gama wanka ita ta sa masa, ta ɓalla kowane maɓalli, ta lulluɓe shi da zane, ta sa kafinta ya rufe akwatin gawar tun a ɗaka.

Gari ya fito. Mazan jiya su suka haƙa ramin, ba su bar kowa ya taɓa magirbi ba, su suka ɗauki akwatin a kafaɗa daga majami'a har makwanta. Amma cikin manyan riguna suka zo, kamar kowane maƙwabci. Ta nemi Buba da ido, ta gan shi can baya, hannuwansa biyu a bayansa, ya kasa kallon ta. Limamin majami'a ya gama addu'arsa, aka yi shiru, irin shirun da a da Ambroise yake fitowa ya cike. Mutane suka fara duban Maikano. Ya matso bakin ramin, ƙaton mutum, hawaye na bin tsagen fuskarsa, ya yi ta neman magana. Clémentine ta zuba masa ido, don har a lokacin ba ta fid da rai ba.

Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Ni ban iya magana kamar shi ba. Amma cikin hwarar hula na ƙasar Arewa dut, ba a yi wanda yas so soja kamar wanga bawan Allah ba."

Mutane suka gyaɗa kai, suka ce gaskiya ne, Allah ya jiƙansa. Wata mata a gefenta ta matsa mata hannu, ta ce ai ko wannan shaida ta ishe ta alfahari. Clémentine ta tsaya tana kallon murfin akwatin, ita kaɗai ta san abin da ke jikin wanda yake ciki. Aka fara tura ƙasa.